Gidan Makama na buƙatar hayaniyar yara

Kusa da fadar Sarkin Kano, ta ɓangaren Ƙofar Kudu, akwai wani ginin ƙasa mai zankwaye wanda ya haura shekara 500 a tsaye. An gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Shi ne sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi amfani da gidan wajen harkokin mulkinsu. A yau Gidan Makama gidan tarihi ne, a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

A ciki akwai abin kallo. Akwai tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi irin su sulke da masu da takubba, da kayan kiɗan sarauta, da hotunan zamanin zuwan Turawa, da ɗakin amarya da jerensa kamar yadda kakanni suka san shi. Amma idan aka tambayi magidantan Fagge ko Gwammaja ko Hotoro yaushe rabonsu da shiga, da yawa za su ce tun suna firamare, lokacin da malami ya jera su a layi. Wasu kuma za su ce sun san gidan dai daga waje. Masu shiga galibi ɗalibai ne da makaranta ta kawo, sai baƙi daga wasu garuruwa, sai masu bincike. Uba da uwa da 'ya'yansu, su fito ranar hutu su nufi gidan tarihi kamar yadda suke nufar gidan zoo da sallah, wannan bai zama al'ada ba tukuna.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Wurin da aka jera kaya a bayan gilashi, aka rubuta bayani da Turanci, aka ce a kalla kada a taɓa, sau ɗaya mutum ke buƙatar ganinsa. Abin da ke sa a koma shi ne a san cewa wannan makon akwai abin da babu a makon jiya. Saboda haka babban abin da gidan tarihin birni ke buƙata shi ne tsayayyen shiri na mako-mako: koyon sana'a da hannu, da zaman tattaunawa da masana, da abin da iyali za su yi tare. Gyaran rufi da fenti suna da muhimmanci, amma ba su ke kawo mutane ba.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga misali. A Yamai, gidan tarihin ƙasa da ke ɗauke da sunan Boubou Hama an buɗe shi ne a 1959, kuma tun farko an tsara shi ya zama wurin zuwan jama'a. A fili guda akwai ɗakunan kayan gargajiya, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a hamadar Nijar, da ragowar itaciyar nan ta Tenere da mota ta kaɗe a 1973, da gidan namun daji. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne masu sana'a da ke zaune a cikin harabar suna aiki: masaƙa, da dukawa, da maƙeran azurfa. Yaro zai ga tsohuwar jaka a ɗakin nuni, ya fito ya tarar da baduku yana ɗinka irinta, ya tsaya ya yi tambaya. Mai sana'ar ya sami ciniki, gidan ya sami baƙi, yaron ya koma gida da abin ba da labari.

A Jos ma an yi irin wannan tunani. Bernard Fagg, wanda ya fito da darajar sassaken Nok a idon duniya, shi ya kafa gidan tarihin garin a 1952. Daga baya aka ƙara sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, da girman da mutum zai shiga ciki ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo ke riƙe da rufi. A ƙasashen waje kuwa abin ya daɗe: a unguwar Buruklin ta birnin Niyok aka buɗe gidan tarihin yara na farko tun 1899, kuma a 2022, a taronta na birnin Prag, majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sabunta ma'anar gidan tarihi, ta sanya shigar da al'umma cikin aikin a matsayin sharaɗi.

Kano ta fi yawancin waɗannan birane sa'a a abu ɗaya. Sana'o'in da aka ajiye kayansu a Gidan Makama ba su mutu ba. Masu yin su suna nan da rai, kuma tafiyar ƙafa ce tsakaninsu da gidan.

A ɗauki rini. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan tana aiki. Marini yana zuba ruwa a karofi, ya haɗa da toka da baba, ya bar shi kwanaki har ya nuna. Idan aka tsoma farin ƙyalle aka ciro, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Yaron da ya ɗaure ɗan ƙyallensa da zare, ya tsoma da hannunsa a roba, ya ga wannan canji, ya sami darasin kimiyya da ba zai manta ba, domin abin da malamin kimiyya ke zanawa a allo game da aikin iska a kan sinadari ke nan. Daga nan sai a gaya masa cewa a 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A gaya masa cewa turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, mai sheƙi, a Kura ake yin sa, kuma mabuga ne ke fito da sheƙin da dukan itace. Labarin fatauci da ayarin raƙuma sai ya zauna a kansa, saboda hannunsa na ɗauke da shuɗin baba.

Haka gini. Gidan Makama kansa littafi ne ga mai son sanin yadda ake ginin ƙasa. Magini zai iya zama da yara goma sha biyar a tsakar gida, ya nuna musu yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya. Ya nuna musu azara, ya bayyana dalilin da ya sa ake zaɓar giginya, wato gara ba ta cin ta da sauƙi. Ya nuna makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da yadda take hana ruwan sama cin bango. Sannan ya shigar da su zaure da tsakar rana a watan Afrilu, su ji sanyin ɗakin da jikinsu, su gwada shi da zafin ɗakin bulo mai rufin kwano da suka baro a gida. Cikin waɗannan yara akwai waɗanda za su karanta zanen gine-gine a jami'a, kuma gara su isa can da sanin cewa kakanninsu sun warware matsalar zafi ba tare da lantarki ba.

Jerin yana da tsawo. Majema za su nuna aikin bagaruwa a kan fata, su ba da labarin jar fatar akuya ta ƙasar Hausa da ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Maƙeri zai hura zugazugi. Mai ɗinkin hula zai koya wa yaro jan zare. Malamin zayyana zai nuna yadda ake dafa tawada, a fiƙe alƙalamin gamba, a ƙawata allon sauka. Tsohuwa mai kaɗi za ta zauna da mazari da alli da abawa, ta juya auduga ta zama zare, 'yan mata na kewaye da ita suna cewa: "Inna, a ba ni in gwada." Wadda ta taɓa riƙe yumɓu ta gina 'yar tukunya za ta kalli hoton Ladi Kwali a bayan takardar naira 20 da wani ido daban, musamman idan an gaya mata cewa wannan mata ta fara ne da ginin tukunya irin na ƙauye kafin ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954.

Akwai sharaɗi a nan da bai kamata a yi wasa da shi ba. Waɗannan masu sana'a malamai ne, kuma a biya su a matsayin malamai. Ba daidai ba ne a ɗauko dattijo daga bakin karofinsa, ya bar cinikin yini, a sallame shi da godiya da ruwan leda. A ba shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a takardar sanarwa, a ba shi rumfar da zai baje kayansa. Sana'o'in nan suna da shugabanni, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, kuma ta hannunsu ya kamata a bi, domin su suka san gwani, su suka san wanda ke da haƙurin zama da yara.

Sai maganar tattaunawa. Kano ba ta rasa masu magana ba. Waɗanda suka saurari marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, sun san yadda tarihi ke daɗi a bakin wanda ya iya faɗarsa. Har yanzu akwai dattawa a cikin birni da suka ga dalar gyaɗa da idonsu, waɗanda iyayensu suka ba su labarin isowar jirgin ƙasa a 1911, waɗanda suka san asalin sunan kowace unguwa da kowace ƙofa. Akwai malaman tarihi a Jami'ar Bayero, da masana rubutun ajami, da mawaƙan fada, da 'yan kasuwar Kurmi da suka gaji rumfa kaka da kakanni. Laccocin da ake yi a jami'a da Gidan Mambayya suna da amfani, sai dai yawanci 'yan boko ne ke yi wa 'yan boko magana. Abin da ya dace da Gidan Makama shi ne zama da Hausa, bayan la'asar, a kan tabarma, awa ɗaya, a ɗauki abu guda daga cikin kayan gidan a yi magana a kansa. Wannan makon ƙyauren ƙofar gari: wa ya ƙera shi, wa ke rufe shi da magariba, mene ne aikin Sarkin Ƙofa? Mako mai zuwa kakaki: daga ina ya zo, wa ake busa wa? A bar lokaci mai yawa don tambaya, kuma a naɗi muryar kowane dattijo a ajiye, domin duk wanda ya rasu a cikinsu ya tafi da abin da babu shi a takarda.

Buƙatar wannan ta ƙaru saboda wani dalili. An shafe fiye da shekara 10 babu darasin tarihi a matsayin fanni mai zaman kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Najeriya, kafin gwamnati ta dawo da shi. Yaran da suka tashi a wancan tsakani su ne matasan iyaye a yau. Akwai uban da ɗansa zai tambaye shi wane ne Barbushe, ko me ya faru a dutsen Dala, ko yaushe Bagauda ya yi sarauta, ya rasa amsa. Shirin iyali yana rufa wa irin wannan uba asiri: shi da ɗansa su koya tare, ba tare da an ce wane ne bai sani ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma sun cancanci amsa.

Na farko shi ne kuɗi. Magidancin da ke fama da kuɗin makaranta da na masara ba zai sa gidan tarihi a lissafinsa ba, hukumomin al'adu kuma ba su cika samun kaso mai tsoka a kasafi ba. Gaskiya ne. Amma abin da ake magana a kai ba sabon gini ba ne. Tabarmi ne, da rumfa, da lasifika, da robobi, da yumɓu, da ƙyalle, da ladan masu koyarwa. Kano gari ne na attajirai masu gina masallatai da raba abinci da azumi, da kamfanoni masu ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da shirye-shiryen rediyo. Ɗaukar nauyin zaman mako-mako na shekara guda bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ingila ta cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta na ƙasa a 2001 saboda ta gane cewa kuɗin ƙofa na korar talaka. Ko ba a kai nan ba, ana iya ware rana ɗaya a wata da yaro zai shiga kyauta idan yana tare da babba.

Na biyu ya shafi addini. Akwai iyayen da ke jin cewa gidan tarihi wurin ajiye gumaka ne da kayan tsafi, don haka ba sa son kai 'ya'yansu. Wannan damuwa ba abin rainawa ba ce, kuma hanyar magance ta ita ce a buɗe ƙofa a gayyato malamai su gani. Kaso mai yawa na tarihin Kano tarihin Musulunci ne: zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da nasihar da Shehu Magili ya rubuta kan yadda ake mulki, da jihadi, da makarantun allo, da littattafan da aka kwafa da hannu. Malamin Islamiyya da ya kawo ɗalibansa su ga tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, su ji yadda alhazan da suka yi tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan suke shafe shekaru a hanya, ya yi darasin da ya dace da manhajarsa. Abin da ya gabaci Musulunci kuma a faɗe shi a matsayin labarin abin da ya wuce, yadda malaman da suka rubuta tarihin sarakunan Kano suka faɗe shi ba tare da sun ɓoye ba.

Na uku shi ne tsoron lalacewar kaya. Ma'aikacin da aka damƙa wa amanar abin da ya shekara ɗaruruwa yana da dalilin fargaba idan ya ga yara arba'in sun shigo da gudu. Maganin wannan sananne ne a gidajen tarihin duniya: asalin kayan ya zauna a inda yake, a yi kwafinsa don taɓawa. Maƙeran Kano za su iya ƙera kwafin sulke da yaro zai saka ya ji nauyinsa. Dukawa za su ɗinka kwafin garkuwa. Ayyukan ruwa da yumɓu a yi su a tsakar gida, nesa da ɗakunan nuni, kuma a kasa yara rukuni-rukuni.

Lokaci ma sai an yi masa tunani irin na gari. Yaron Kano ba shi da Asabar da Lahadi a sake kamar yadda tsarin Turai ke ɗauka, domin da yawa suna Islamiyya ko hadda da safe. Alhamis da Juma'a ne ranakun hutun makarantun allo, don haka zaman yammacin Alhamis zai ba almajirai dama, su da ba a taɓa sa su a lissafin irin wannan shiri ba, alhali a cikinsu ake samun masu kyan hannu a rubutu da zayyana. Dogon hutun makarantun boko ya dace da koyon sana'a na mako biyu. Kwanakin sallah kuwa, lokacin da gari ke cika da baƙi don kallon hawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun duniya a 2024, dama ce ta nuna wa yara kayan doki ɗaya bayan ɗaya, a gaya musu sunan kowanne, kafin su fita su gan su a jikin dawakin hakimai.

Mata su ne ƙashin bayan duk wani shirin iyali, kuma idan ba a yi tanadi dominsu ba, ba za su zo ba. Ana buƙatar inuwa, da wurin zama na mata, da banɗaki mai tsafta, da wurin alwala da salla, da ma'aikata mata masu yi musu jagora. Zaman tatsuniya da kaka za ta jagoranta, ta buɗe da gatanan gatananku yara su amsa, zai jawo uwaye da goyonsu. Ɗakin amarya da ke cikin gidan kuwa ya isa ya zama maudu'in zama guda, inda tsofaffi za su bayyana wa 'yan mata yadda jere ya tashi daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwano, da abin da kowane zamani ke nunawa game da arzikin gari da fataucinsa.

Sanarwa ba za ta yi wuya ba. Kano na da gidajen rediyo masu yawa da jama'a ke saurare a kasuwa da cikin Adaidaita Sahu, kuma minti biyu ranar Laraba sun isa a faɗi abin da za a yi a ƙarshen mako. Matasan da ke ɗora bidiyo a Facebook da TikTok kan tarihin unguwanni suna da dubban mabiya, a jawo su ciki. Masu shirya finafinan Hausa da ke neman sanin yadda ake naɗa rawani ko shirya fada a labarin da, su ma suna da abin koyo da abin bayarwa.

Abin da aka faɗa game da Kano ya shafi sauran birane. Kaduna na da gidan tarihinta da Gidan Arewa, Katsina na da Gobarau da tsoffin gine-ginen kwalejinta, Daura na da rijiyar Kusugu, Damagaram na da fadar sarki da unguwar Birni, Sakkwato na da ofishin tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Kowannensu yana kewaye da masu sana'a da dattawa da yara.

Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, tun 1977, kuma a nan an saba raya ta da jawabai da ɗaukar hoto. A shekara mai zuwa ana iya mai da ita ranar buɗe jadawalin wata uku: marina a makon farko, magina a na biyu, zaman tarihin ƙofofi a na uku, tatsuniya da kaɗi a na huɗu, sannan a sake zagayowa da wasu sana'o'in. Shugabannin gidan su zauna da masarauta, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da shugabannin sana'o'i, da attajiri ɗaya ko biyu, su raba aiki. A ajiye littafi a bakin zaure ana rubuta yawan iyalan da suka zo, da unguwar da suka fito, da waɗanda suka dawo karo na biyu. Bayan wata ukun a buɗe littafin a gaban duk waɗanda suka sa hannu, a ga wane zama ya cika, wane ne bai cika ba, a gyara jadawalin zango na gaba a kan abin da aka gani.